Wa Ke Auna Sikeli? Tarihin Awon Kifi Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Sabo

Jama'ar Sabo, a yau babu wata sana'a tamu da sikeli bai shiga ba. Mai nama na da nasa, ɗan gwangwan na da nasa, mai sayar da gas na da nasa, haka nan 'yan'uwanmu masu harkar kifi, ko na tarwaɗa mai rai ko na ƙanƙara. Kullum ana ɗora kaya a kansa, ana karanta allura, ana biyan kuɗi, amma da wuya ka ji wani ya tambaya: shi sikelin, yaushe rabon da a gwada shi? Wannan tambaya tana da tsohon tarihi, kuma masu kamun kifi na cikin mutanen da suka fi shan fama da ita. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawunta, tun daga lokacin da kakanninmu ba su san kilo ba har zuwa teburin mai kifi na yau.

Kafin zuwan sikeli

Kakanninmu da suka kafa wannan unguwa a 1916 ba da sikeli suka yi arziki ba. Goro ƙirga shi ake yi, ɗari ɗaya ƙwarya guda, a ɗaure a huhu a tura Arewa. Saniya ido ke auna ta: dillali ya zagaya ta, ya dafa tozo, ya taɓa ƙugu, ya faɗi kuɗi. Hatsi kuwa mudu da tiya ne, ko kongo kamar yadda masu masaukinmu Yarbawa ke awo a nan Badun. Kifi ma haka yake. Ɗanye a kasa shi kashi-kashi, busasshe a sayar da shi a kwando ko buhu, babba kuma a yi cinikinsa shi kaɗai.

Akwai dalilin da ya sa kifi ya daɗe bai hau ma'auni ba. Mafi yawan nauyin ɗanyen kifi ruwa ne. Da an yi bandarsa sai nauyin ya zube, kuma ya ci gaba da raguwa a hanya saboda bushewa, karyewa da ɓarnar ƙwari. Kifin da aka ɗauko daga Baga a bakin Tafkin Chadi, ya biyo ta Maiduguri ya sauka Anaca, Inugu, Ikko ko nan Badun, nauyin da ya taso da shi dabam, wanda ya iso da shi dabam. To wa zai yarda a yi masa ciniki da abin da ke canjawa kullum? Don haka har gobe banda a kwali da buhu ake cinikinta a sari, mai saye ya buɗe ya duba sama da ƙasa, ya sansana, ya taya.

Ma'aunin nauyi a wancan zamani na kaya masu tsada ne. Zinariya da mizani mai tafi biyu ake auna ta, da misƙali, wanda nauyinsa giram huɗu ne da 'yan kai. Fatakenmu da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun tarar da wata al'ada a ƙasar Asante: mai saye da mai sayarwa kowa na tafe da nasa duwatsun awo na tagulla, kuma kowa zai gwada garin zinariyar a nasa mizani kafin ciniki ya faɗa. Kun ga ke nan, gwada ma'auni da wani ma'aunin ba sabon abu ba ne a Afirka ta Yamma.

Addini ya riga hukuma

Tun kafin wata gwamnati ta kafa dokar awo, addininmu ya riga ya yi magana. Sura ta 83 a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, da sunan masu tauye mudu aka san ta. Ƙissar Annabi Shu'aibu, Alaihis Salam, da mutanen Madyana ta zo a surori irin su A'arafi da Hudu, kuma babban laifinsu bayan shirka shi ne tauye awo. Akwai kuma hadisin nan sananne da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya cusa hannu cikin tulin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan ɓoye aibi. Daga nan ne aikin hisba ya samo tushe. A manyan biranen Musulunci akwai muhtasibi, wanda cikin ayyukansa har da zagayawa kasuwa yana gwada mudu da duwatsun awo.

A ƙasar Hausa Sarkin Kasuwa da mutanensa ne suka riƙe irin wannan aiki. Baturen nan ɗan yawon duniya, Kyaftin Clapperton, ya shiga Kano a watan Janairun 1824, ya kuma rubuta yadda ya ga kasuwar birnin cikin tsari, da shugabanta mai raba rumfuna da sa ido a kan farashi. Abin lura a nan shi ne, kakanninmu ba su bar gaskiyar ciniki a hannun tsoron Allah na kowane ɗan kasuwa kaɗai ba. Sun san ɗan Adam ajizi ne, sai suka naɗa mai dubawa.

Laba, oza da akawun kamfani

Kalmar sikeli kanta baƙuwa ce, tare da Turawa ta shigo. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe gadan-gadan. Kamfanoni irin su John Holt, da kuma UAC da aka kafa a 1929, sun baza wuraren sayen gyaɗa da auduga da fata, kowane wuri da sikelinsa da akawunsa. A nan ne Bahaushe ya koyi laba da oza da tan. A nan ne kuma ya koyi cewa wanda ya iya karanta sikeli ya fi ƙarfin wanda ya noma kayan. Manomi na tsaye, akawu ya duba ya faɗi lamba, ya cire nauyin buhu yadda ya ga dama, babu mai musu. Rashin yardar da dattawanmu ke nuna wa sikeli har yau, a wancan zamani ta samo asali, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba.

Shi sikeli mai ƙugiya, irin wanda masu kifi suka fi so, a Ingila aka fara ƙera shi. Wani mai suna Richard Salter ya soma yin irinsa wajajen 1770, kuma sunan gidansu na nan a jikin sikelin da ake rataya jarirai a asibitoci. Aikinsa mai sauƙi ne: akwai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki wanda ke miƙewa daidai gwargwadon nauyin da aka rataya masa, allura kuma ta nuna iyakar miƙewar. Daɗinsa ba ya buƙatar duwatsun awo, ana iya sa shi a aljihu a shiga kwale-kwale. Illarsa kuwa ita ce ba ya da abokin shaida. Mizani mai tafi biyu kowa na ganin kaya a gefe, dutse a gefe. Shi wannan, in ƙarfen cikinsa ya saki ko ya yi tsatsa, zai riƙa faɗin ƙarya ba tare da mai shi ma ya sani ba.

Yadda kilo ya zo mana

Kilo a Faransa aka haife shi, a shekarun 1790, kuma tun farko an ɗaura shi ne a kan nauyin lita ɗaya ta ruwa. A ranar 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a wata yarjejeniyar awo a birnin Faris. A 1889 aka amince da wani ɗan curin ƙarfe mai daraja a matsayin uban kilo na duniya, aka kulle shi a kusa da Faris, ƙasashe suka riƙa karɓar kwafinsa suna gwada nasu duwatsun da shi. Shekara 130 wannan curi ya yi yana mulki, sai ranar 20 ga Mayu, 2019 aka sauke shi, aka mayar da ma'anar kilo kan lissafin kimiyya da ba ya canjawa. Ku duba fa, har uban kilo sai da aka riƙa fito da shi ana gwada shi da 'ya'yansa, kuma bambancin da aka gani tsakaninsu na cikin dalilan da suka sa aka canja tsarin. Yo in wannan bai fi ƙarfin gwaji ba, ina ga sikelin da ke kwana cikin ruwan kifi?

A nan gida, farkon shekarun 1970 ne aka yi manyan sauye-sauye a jere. A 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, ranar 1 ga Janairu, 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, a 1974 kuma aka kafa dokar awo da ma'auni wadda ta tsayar da ƙasar a kan kilo da lita da mita. Bisa tsarin mulki, maganar awo hurumin Gwamnatin Tarayya ce, kuma akwai sashen awo da ma'auni a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, wanda aikin jami'ansa shi ne gwada sikelin kasuwanci da famfon gidajen mai, su sa masu hatimi. Maƙwabtanmu na jihar Osun ma a 2016 sun ƙaddamar da shirin shigar da sikeli da mudu na bai ɗaya a kasuwanninsu. Doka dai tana nan. Amma kowa ya san kasuwanni sun fi jami'ai yawa, kuma sikeli nawa ne a Bodija ko Shasha da suka taɓa ganin hatimi?

Argungu: inda sikeli ya zama alƙali

In ana maganar awon kifi a ƙasar Hausa, dole a je Argungu. Bikin kamun kifi na can a siffarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, kuma wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne gwarzo. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016.

A Argungu, Sarkin Ruwa na da nasa aiki, makaɗa na da nasu, amma hukuncin ƙarshe na sikeli ne. A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne. Da aka dawo da bikin a watan Maris na 2020, bayan kusan shekara goma ba a yi ba, na ɗaya ya zo da mai kilo 78, kuma kyautar ta haɗa da mota da kujerar Makka da miliyoyin naira. Tsakanin na ɗaya da na biyu kilo uku ne kacal. A kifi mai wannan girma, sikelin da ke kuskuren kashi huɗu cikin ɗari ya isa ya haɗiye wannan tazara. Abin da ke tsare gaskiya a irin wannan wuri shi ne a ɗora kifin kowa a sikeli ɗaya, a gaban jama'a, ta yadda ko da akwai ɗan kuskure zai shafi kowa daidai.

Sai dai sikeli nauyi kawai yake faɗa, ba ya faɗin tarihin abin da aka ɗora masa. A 2008 an karɓe kambun daga hannun wanda aka fara bayyanawa a matsayin gwarzo, bayan sauran masunta sun yi ƙorafi, bincike kuma ya nuna kifin ya riga ya mutu kafin a fara gasar. Sikeli bai yi ƙarya ba ranar nan, mutum ne ya yi. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Masu fatsa na ƙasashen waje da dokokinsu

A Turai da Amurka da Japan akwai miliyoyin mutane da kamun kifi da fatsa ya zame masu wasa, kamar yadda wasu namu suka ɗauki dambe ko sukuwa. Burin kowa a rubuta sunansa cewa shi ya kama mafi girma. Da yake masunci a ko'ina ba ya rasa ƙarin gishiri a labari, sai a 1939 aka kafa ƙungiyar IGFA, mai hedikwata a jihar Fulorida ta Amurka, don ta riƙe kundin bajinta na duniya. Dokokinta a kan sikeli sun cancanci mu san su.

Na farko, ba a karɓar ƙiyasi, sai abin da sikeli ya nuna. Na biyu, dole sikelin ya kasance wata hukuma ko wani wurin gwaji da aka amince da shi ya tabbatar da ingancinsa cikin wata 12 da suka wuce. Na uku, a kan tudu ake awo, ba cikin jirgin da ruwa ke kaɗawa ba, domin allura ba ta tsayawa a wuri ɗaya. Na huɗu, in allura ta tsaya tsakanin zane biyu, na ƙasa ake ɗauka. Na biyar, ba a karya tsohuwar bajinta da ɗan bambancin da sikeli zai iya kuskurensa: kifin da bai kai laba 25 ba sai sabon ya ɗara tsohon da oza 2, wato kimanin giram 57, wanda ya fi haka girma kuma sai ya ɗara da rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Ga misalin yadda dokar ta yi aiki. Ranar 2 ga Yuni, 1932, wani matashin manomi mai suna George Perry ya kama wani kifin ruwan daɗi da suke kira bas a jihar Jojiya. An auna shi a sikelin gidan waya na garin Helena, ya ba da laba 22 da oza 4, wato kilo 10.09, daga nan ya kai gida iyali suka cinye. Shekara 77 babu wanda ya kafa bajintar da ta kamo wannan. Sai ranar 2 ga Yuli, 2009, Manabu Kurita ya kama irinsa a Tafkin Biwa na Japan mai kilo 10.12. Ya fi na Perry nauyi da kimanin giram 30, amma da yake bai kai giram 57 da doka ta ce ba, sai ƙungiyar ta yanke cewa kunnen doki suka yi. Nauyin da bai kai na ƙwan kaza ɗaya ba ya hana mutum zama gwarzon duniya shi kaɗai. Giwan ruwanmu ma na cikin wannan kundi: mafi girma da aka kama da fatsa laba 230 ne, kilo 104 da 'yan kai, a Tafkin Nasar na ƙasar Masar a shekarar 2000.

Su ma can ba su tsira daga maguɗi ba. A ƙarshen Satumban 2022, a wata gasa a Tafkin Eri da ke jihar Ohayo, alƙalin gasa ya ga kifin wasu mutum biyu ya yi nauyin da bai dace da girmansa ba. Ya sa wuƙa ya farke cikin, sai ga dunƙulen dalma. Maganar ta kai kotu, aka ɗaure su kwana goma, aka ƙwace jirginsu. Abin da ya tona asirin shi ne idon mutumin da ya san kifi, irin idon da dillalanmu ke auna saniya da shi. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Mu dawo Sabo

Kifin da muke hulɗa da shi a nan ya canja sosai cikin shekaru. Dam ɗin Eleyele da aka gina a 1942 da na Asejire na 1972 sun samar da wuraren su a kusa da gari. Dam ɗin Kainji da aka kammala a 1968 ya buɗe sabuwar hanyar kifi daga Yawuri da kewaye, inda Sarkawa suka shahara. Sannan kifin ƙanƙara ya shigo daga teku a kwali mai rubutaccen nauyi a jiki. Daga baya kiwon tarwaɗa ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, kuma ita tarwaɗar gona da kilo ake sayar da ita tun daga bakin kududdufi. Wannan ne ya jefa da yawa daga cikin matasanmu cikin harkar sikeli, wasu na saro ta da rai, wasu na banda, wasu na kai wa masu gidajen abinci.

Mu yi ɗan lissafi don a ga girman abin. A ce sikeli na cin giram 50 a kowane kilo, wato kashi biyar cikin ɗari. A cinikin kilo biyu babu mai lura. Amma in aka kwashe tarwaɗa kilo 500 a gona, kilo 25 ne ya tafi a banza, kuma sau da yawa wannan ita ce duk ribar mai kiwon bayan wata biyar ko shida yana sayen abincin kifi. In kuma sikelin ta ɗaya ɓangaren ya karkata, ɗan'uwanmu mai saye ne zai biya kuɗin kifin da bai karɓa ba. Kuskuren sikeli ba ya da ƙabila, duk wanda ya faɗa wa ya ci shi.

Abin da ya sa maganar ta fi nauyi a wurinmu shi ne matsayinmu na baƙi. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna yana nazarin wannan unguwa a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro na Sabo a kan amana ya tsayu. Mai shanu zai taso daga Arewa ya danƙa dukiyarsa ga mai gida, a sayar wa mahauta bashi ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗi su fito, domin mai gida ya san ranar da sunansa ya ɓaci kasuwarsa ta mutu. Wannan suna shi ne jarin da muka gada. In Bayarabe ɗan gari ya tauye awo, za a ce wane ya yi. In ɗayanmu ya yi, cewa za a yi Hausawa sun yi. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ba mu manta da watan Fabrairun 2021 ba, lokacin da 'yar hatsaniya tsakanin mutum biyu a kasuwar Shasha ta rikiɗe ta zama rikicin da ya ci rayuka da rumfuna da gidaje. A wuri irin namu, gardamar rabin kilo ba ƙaramar magana ba ce.

Yadda ake gwada sikeli

Tarihin nan duka darasi ɗaya yake maimaitawa: ma'auni ba ya shaidar kansa, sai an kawo wani abu da aka san nauyinsa an ɗora masa. Kuma yin haka bai fi ƙarfin kowa ba.

A fara da duba sifili. Sikeli ba kaya, allura ta zauna daidai a kan sifili, kuma ta koma can bayan an sauke kaya. In da kwando ko roba ake awo, a ɗora shi wayam a mayar da allura sifili a gaban mai ciniki, a kuma tsiyaye ruwa kafin a karanta, don kada a sayar wa mutum ruwa da kuɗin kifi.

Sai a kawo abin gwaji. Mafi inganci shi ne dutsen awo na ƙarfe mai hatimi. In babu, ruwa na nan: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in an cire nauyin mazubin. Amma kada a dogara da ledar fiya wata, domin cikarta ba ta zama daidai kullum. Kuma kada a gwada da kilo ɗaya kawai a ce an gama. Sikelin da ƙarfensa ya saki yakan yi gaskiya a ƙaramin nauyi ya yi ƙarya a babba. A gwada shi a ƙasa, a tsakiya, da kuma kusa da nauyin da aka saba ɗora masa. A ɗora abu ɗaya sau uku, in ya ba da amsa uku dabam-dabam, to ya tashi daga aiki. Na tebur a gwada ɗora kayan a tsakiya da kowace kusurwa, a kuma tabbata a wuri mai baje yake zaune. Mai ƙugiya a rataye shi a jikin abu tsayayye, kada a riƙe a hannu, a kuma karanta allura ido da ido, ba ta gefe ba.

Na lantarki ma ba waliyyi ba ne. Batir in ya yi sanyi lamba takan yi yawo, ruwa in ya shiga cikinsa yakan rikita shi. Sannan a kula da ɗan rubutun da ke gefen lamba, domin maɓalli ɗaya ke mayar da shi daga kilo zuwa laba, kuma kilo ɗaya laba 2.2 ne. Wasu na ƙasar Sin ma suna da awonsu na can wanda rabin kilo ne. Wanda bai lura ba sai ya ga lamba ta yi yawa ya ɗauka kaya ne suka yi auki.

Abin da ya rage gare mu

Shawararmu ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kifi, mahauta da 'yan gwangwan, da kuma fadar Sarkin Hausawa, ita ce a farfaɗo da aikin da Sarkin Kasuwa ke yi a da. A haɗa kuɗi a sayi duwatsun awo masu hatimi, na kilo 1, 5, 10 da 20, a ajiye a ofishin ƙungiya. A sa rana, ko sau ɗaya a wata uku, kowa ya kawo sikelinsa a gwada, wanda ya ci a manna masa shaida da kwanan wata, wanda ya faɗi a gyara ko a jefar. A ajiye sikeli ɗaya na jama'a a inda duk mai shakka, Bahaushe ne ko Bayarabe ko Ibo, zai je ya sake auna abin da ya saya ba tare da an harare shi ba. Su kansu duwatsun a riƙa kai su wurin jami'an awo lokaci-lokaci. In masu kamun kifi don nishaɗi sun wajabta wa kansu gwada sikeli duk shekara saboda suna kawai, mu da abincin iyalinmu da hisabinmu ke rataye a ƙugiyar nan ai mun fi su buƙata.

Malamanmu na masallatan unguwa su ma suna da rawar takawa. A riƙa tuna wa jama'a cewa wanda ya san sikelinsa na da matsala ya ƙi gyarawa, ba zai fake da cewa ba shi ya ƙera shi ba. Iyayen gida kuma su koya wa yaran shago duba sifili kamar yadda ake koya masu ƙirga canji.

Kakanninmu sun zo garin nan ba su da gona ba su da gado, gaskiyar ciniki ce ta ba su wurin zama har muka tarar. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya kuma nauyaya mizaninmu ranar da za a auna ayyukan kowa. Amin.